Kafin Ƙwayar Jijiya Ta Mutu: Abin da ke Faruwa a Cikinta

A watan Nuwamban 1906, likita Alois Alzheimer ya tsaya gaban takwarorinsa a garin Tübingen na ƙasar Jamus, ya ba su labarin wata mata mai suna Auguste Deter, wadda aka kawo asibiti tana da shekara 51 tunaninta ya rikice, ta kuma rasu a watan Afrilun 1906. Da ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin ƙara girma, abu biyu ya gani: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zarurruka da suka cukuikuye a cikin ƙwayoyin. A 1912 Friedrich Lewy ya ga wani dunƙulen daban a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson. Daga baya aka gano cewa kusan duk cutar da ke cinye ƙwayoyin jijiya sannu a hankali tana da furotin ɗinta da ke taruwa: amiloyid da tau a cutar Alzheimer, alfa-sinukilin a Parkinson, huntintin a cutar Huntington, TDP-43 a cutar ALS mai kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Abin da ido ya gani shi hankali ya kama. Aka shafe shekaru ana ɗora wa dunƙulen nan laifi, ana neman yadda za a kawar da shi.

Sai a 2004 wani gwaji ya zo ya dagula lissafi. A ɗakin binciken Steven Finkbeiner da ke San Faransisko, Montserrat Arrasate da abokan aikinta suka yi amfani da wani madubi mai sarrafa kansa, wanda ke komawa kan ƙwayar jijiya guda ɗaya kullum ya ɗauki hotonta. Suka sa wa ƙwayoyin gurɓataccen furotin ɗin cutar Huntington, suka zuba ido su ga wacce za ta riga mutuwa. Kowa ya zaci waɗanda suka yi dunƙule ne. Ashe ba haka ba. Ƙwayoyin da suka tattara furotin ɗin wuri guda sun fi daɗewa a raye, waɗanda ya bazu a cikinsu kuwa su suka fi saurin mutuwa. Wannan bai wanke furotin ɗin ba, kuma abin da ya faru a farantin gwaji ba ya zama hukunci a kan dukan cututtukan. Amma ya nuna cewa dunƙulen da ake gani bayan mutuwa yana iya zama ƙoƙarin da ƙwayar ta yi na kare kanta. In haka ne, akwai tambayar da ta fi nauyi: wane hali ta shiga, shekaru kafin nan, da har ta kai ga tara dattinta a lungu ɗaya?

Kowace ƙwayar halitta, wato sel, tana da ƙananan sassa a cikinta, kowanne da aikinsa: mai samar da makamashi, mai naɗe furotin, mai narkar da abin da ya lalace. Kowanne kuma yana da tsarin ko-ta-kwana da yake tashi idan sel ya shiga matsi, ko na ƙarancin iskar oksijin, ko na guba, ko na cunkoson furotin. Abin da hujjojin shekara 40 da suka wuce suka fi nunawa, a ganina, shi ne cewa waɗannan tsare-tsaren an yi su ne don matsalar awa ɗaya ko kwana ɗaya, alhali ƙwayar jijiya shekara 80 za ta yi ko fiye. Cutar tana zaune a wannan tazarar.

Sel ɗin da ke bangon hanji kwana 3 zuwa 5 yake yi a maye gurbinsa, duk ɓarnar da ya tara ta tafi da shi. Wanda ke rabuwa gida biyu kuwa, dattinsa ma rabuwa yake yi, kowane ɓangare ya ɗauki rabi. Ƙwayar jijiya ba ta da wannan gatan. Mafi yawan ƙwayoyi kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar mutum ya same su ne tun yana ciki ko yana jariri, da su zai tsufa, in ɗaya ta mutu kuma ba a cika samun madadinta ba. Ga kuma tsawo. Ƙwayar da ke ba tsokar ƙafa umarni, jikinta yana cikin laka, amma zarenta da ake kira akzon yana miƙewa kusan mita guda. Mafi yawan abin da ƙarshen zaren nan ke buƙata a can jikin sel ake ƙera shi a turo, abin da ya lalace kuma a mayar da shi baya.

Sashen da aka fara kamawa dumu-dumu shi ne mitokondiriya. Su ke amfani da oksijin su mai da abincin da muka ci ya zama ATP, sinadarin da kowane aiki na sel ke ci. Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na makamashinsa. Aikin kuma ba ya fita tas: wasu elektron suna zillewa su haɗu da oksijin, su zama sinadarai masu lalata kitse da furotin da DNA. Mitokondiriya suna da nasu DNA ɗin na dabam, mai ƙwayoyin gado 37, kuma yana zaune daf da inda ɓarnar ke tashi.

A 1982 aka riƙa kawo wasu masu allurar kayan maye asibiti a arewacin Kalifoniya, sun sandare, ba motsi ba magana, kamar waɗanda Parkinson ta ci shekaru a jikinsu, alhali 'yan kwanaki kafin nan ƙalau suke. Likita William Langston ya bi sawu har ya gano cewa hirowin ɗin jabu da suka saya ta gurɓata da wani sinadari mai suna MPTP. Sinadarin yana shiga ƙwaƙwalwa, a can a juya shi ya zama MPP+, sai ƙwayoyin jijiya masu samar da dofamin, sinadarin saƙo da ke taimakawa wajen daidaita motsin jiki, su zuƙe shi ta ƙofar da suka saba zuƙo dofamin. Yana shiga sai ya nufi mitokondiriya ya toshe matakin farko na jerin da ke samar da ATP. Guba ɗaya, wuri ɗaya, ga kamannin Parkinson cikin kwanaki. A 1989 Anthony Schapira da abokan aikinsa a Landan suka tarar wannan matakin yana da rauni a ƙwaƙwalwar masu Parkinson na gama-gari, waɗanda ba su taɓa jin sunan MPTP ba. A 2000 kuma aka nuna cewa rotenon, maganin ƙwari mai toshe wannan wurin, yana kashe irin waɗannan ƙwayoyin a ɓeraye.

Rotenon yana shiga kowane sel a jiki, to me ya sa waɗannan ƙwayoyin ne ke fara faɗuwa? Suna zaune a wani ɗan yanki baƙi-baƙi can ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira substantia nigra, kuma nauyin da ke kansu ya fi ƙarfin misali. An ƙiyasta cewa a jikin ɗan Adam, in aka haɗa rassan akzon ɗin ƙwaya guda za su wuce mita 4, da mahaɗai, wato wuraren da take miƙa saƙo ga wasu ƙwayoyin, da suka kai miliyan. Ba sa kuma hutawa: suna harba saƙo a kai a kai ko ba a taɓa su ba, kowane harbi yana shigo da kalsiyam da sai an kashe ATP kafin a fitar da shi. Ƙwayar da kullum take aiki a bakin iyakar ƙarfinta, ɗan abu kaɗan ya ishe ta.

Iyalan da Parkinson ke kamawa tun da ƙuruciya su suka buɗe sauran labarin. A 1998 masu bincike a Japan suka gano kuskure a ƙwayar gadon da aka sa wa suna Parkin, a 2004 aka gano na PINK1, a 2008 kuma ɗakin binciken Richard Youle ya ga Parkin yana taruwa a jikin mitokondiriyar da ta lalace. Tsarin yana da ban sha'awa. Sel yana ƙera PINK1 ba dare ba rana, yana aika shi ga kowace mitokondiriya. Mai lafiya tana da cajin lantarki a tantaninta, da shi take jawo PINK1 ciki, a datse shi a zubar. Wadda cajinta ya faɗi ba ta iya jawo shi, sai ya maƙale a bakinta yana taruwa. Taruwar nan ita ce shaidar rashin lafiya. PINK1 sai ya kira Parkin, Parkin ya lulluɓe ta da wani ɗan furotin mai suna yubikwitin, alamar da ke nufin a kwashe. Ba a buƙatar wani mai bincike na musamman. Kasawarta ce ke tona mata asiri. In ɗaya daga cikin biyun ya samu matsala, mitokondiriya marasa lafiya suna nan zaune, ba ATP ɗin kirki, sai zubar da guba. Akwai ƙari: asalin mitokondiriya bakteriya ne da suka shige cikin sel tun fiye da shekara biliyan ɗaya, shi ya sa in DNA ɗinsu ya tsiyayo waje, garkuwar jiki tana ɗaukarsa baƙo, kumburi ya tashi. Abin lura kuma, da yawa daga masu kuskuren Parkin, in an duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa, ba a samun dunƙulen Lewy. Ƙwayoyin sun mutu ba tare da shi ba.

Inda batun lokaci ya fi fitowa fili shi ne sashen naɗe furotin. Furotin dogon zare ne lokacin da aka ƙera shi, ba ya aiki sai an naɗe shi ya ɗauki siffarsa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin sel yana bi ta wata raga ta tantani da ta kewaye cibiyar sel, wadda masana ke taƙaita sunanta da ER, a can ake naɗe shi. Idan aiki ya yi yawa, ko kalsiyam ɗin da ER ke ajiyewa ya ragu, ko makamashi ya yi ƙasa, sai zarurrukan da ba su naɗu ba su cunkushe. Masu gadi 3 ne ke jin wannan cunkoso: IRE1, wanda Kazutoshi Mori da Peter Walter suka gano kowa ta nasa ɓangaren a 1993, da ATF6, da PERK. Biyun farko sun fi karkata ga ƙaro masu taimaka wa naɗi da faɗaɗa wurin. PERK shi ne mai tsattsauran mataki. Yana manna fosfet a jikin wani furotin mai suna eIF2-alfa, wanda sai da shi ake fara ƙira, nan take ƙera furotin ya ragu a duk faɗin sel. Dokar ta-ɓaci ce: a rufe kasuwa, kowa ya zauna gida har ƙura ta lafa. Ta kwana biyu tana ceton rai. In ta kai shekara, yunwa ce za ta kashe waɗanda aka sa ta dominsu.

Ƙwayar jijiya ta fi kowa cutuwa da doguwar rufewa, domin mahaɗanta suna buƙatar sabon furotin kullum, kuma kafa sabon abu a tunani ba ya yiwuwa sai da ƙera furotin. In rufewar ta ci gaba, wani furotin mai suna CHOP yana ƙaruwa, shi kuma aikinsa tura sel ga kashe kansa. Ga fata wannan hukunci ne mai kyau, a zubar da sel ɗaya a yi sabo. Ga ƙwaƙwalwa asara ce da ba ta da diyya.

Giovanna Mallucci, tana Leicester a Birtaniya, ta nuna wannan a 2012 da ɓerayen da aka sa wa cutar firiyon, dangin cutar haukan shanu. Yayin da gurɓataccen furotin ke taruwa, PERK ya kunnu ya ƙi mutuwa, ƙira ta faɗi, furotin ɗin mahaɗai ya ƙare, mahaɗan suka lalace, daga baya ƙwayoyin suka bi. A 2013 ta ba ɓerayen maganin da ke toshe PERK. Firiyon ya ci gaba da taruwa kamar yadda yake yi, amma ƙwayoyin jijiya ba su mutu ba. Wato a wannan gwajin martanin sel ne ke kisa. Sai dai ana wata ga wata: maganin ya lalata fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, wadda ba ta iya rayuwa ba PERK, ɓerayen suka rame, sukarinsu ya hau. Da ma an san jariran da aka haifa ba PERK mai aiki suna kamuwa da ciwon sukari tun suna goye. An kuma ga PERK a kunne a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, a cikin ƙwayoyin da tau ya fara sauyawa amma bai riga ya cukuikuye ba, abin da ke nuna matsin ya zo da wuri.

Da a nan maganar ta tsaya da sai a ce an samu makama: a kashe ƙararrawar. Amma a 2015 Anne Bertolotti a Kambirij ta yi kishiyar haka. Sinadarinta, Sephin1, yana tsawaita rufewar ne, ya ba sel ƙarin lokaci ya rage cunkoso, kuma ya taimaki ɓeraye masu wani nau'in ALS da wata cutar jijiya ta gado. Ɗaya ta ɗage dokar ta ga amfani, ɗaya ta tsawaita ta ta ga amfani. Ni ban ga dole sai ɗaya ta yi kuskure ba. Martani ɗaya ne, amfaninsa ko cutarwarsa ya danganta da irin sel ɗin, da irin furotin ɗin, da matakin da cutar ta kai. Matsalar likita ita ce ba shi da hanyar leƙa ƙwaƙwalwar mutum mai rai ya san a wane mataki kowace ƙwaya take.

Duk abin da aka yi wa alamar kwashewa, ƙarshensa laisosom. Christian de Duve ɗan Beljiyam ne ya gano shi a 1955: 'yar jaka mai ɗauke da enzayim fiye da 50 masu narkar da furotin da kitse da sukari. Ba sa aiki sai cikin tsami, a ma'aunin pH tsakanin 4.5 da 5, kuma famfon da ke riƙe da tsamin ATP yake ci. Ka ga inda zaren ya ƙullu. Mitokondiriyar da ta lalace tana jiran laisosom ya narkar da ita, shi kuma laisosom yana jiran ATP daga mitokondiriya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hanyar da ake kai masa manyan kaya ita ce otofaji, inda tantani ke zagaye abin da za a zubar ya rufe shi ruf, aikin da Yoshinori Ohsumi ya samu kyautar Nobel a kansa a 2016. A ƙwayar jijiya, jakar takan kafu can ƙarshen akzon, sai ta yi doguwar tafiya zuwa jikin sel inda laisosom masu ƙarfi suka fi yawa. Duk abin da ya tare hanya, jakunkuna ne za su yi cirko-cirko a tsakiya, akzon ya kumbura.

Gwajin da ya fi gamsar da ni a duk fagen nan shi ne na 2006. Ƙungiyoyi 2 a Japan, kowace ta cire ƙwayar gado ɗaya ta otofaji daga ƙwayoyin jijiyar ɓeraye. Ba su sa wani gurɓataccen furotin ba, ba guba, ba komai. Duk da haka ɓerayen suka rasa daidaiton tafiya, dunƙulen furotin ya cika ƙwayoyinsu, ƙwayoyin suka mutu. Dattin yau da kullum kaɗai ya isa, muddin aka daina kwashe shi.

A ɓangaren mutane, hujjar ta fito daga inda ba a zata ba. Cutar Gaucher cuta ce ta gado da ke kama wanda ya gaji kuskuren ƙwayar gadon GBA1 daga uwa da uba duka, enzayim ɗin laisosom mai narkar da wani kitse ya gaza. Likitocin da ke duba su sai suka lura Parkinson ta yi yawa a danginsu, waɗanda ke ɗauke da kuskure ɗaya tak. A 2009 Ellen Sidransky ta jagoranci binciken cibiyoyi 16 da ya nuna masu Parkinson sun ninka sauran mutane kusan sau 5 wajen ɗauke da kuskuren. A 2023 aka ƙara gano wani sauyi na dabam a wannan ƙwayar gado, wanda ya yawaita a mutane masu asalin Afirka, ba a kuma cika ganinsa a Turawa ba. Kitsen da ya taru yana sa alfa-sinukilin ya dunƙule, shi kuma alfa-sinukilin yana hana sabon enzayim isa laisosom, abu ya yi ta juyawa. Amma mafi yawan masu ɗauke da kuskuren ba sa kamuwa da Parkinson har su mutu. Rauni ne kawai, sai wani abu ya hau kansa.

Ko a Alzheimer, gidan amiloyid, Ralph Nixon na Niyok ya daɗe yana cewa a dubi laisosom. Shi da Anne Cataldo sun nuna tun 2000 cewa jakunkunan da ke kai kaya laisosom suna kumbura kafin dunƙule ya bayyana. A 2022 ɗakin bincikensa ya ruwaito cewa a ɓeraye masu cutar, tsamin laisosom yana raguwa tun da wuri, amiloyid ya taru a cikin jakunkunan da suka kasa narkewa, ƙwayar ta cika ta fashe, abin da ya rage a wurin shi ne dunƙulen. Ba duk masana ne suka yarda cewa haka kowane dunƙule ke samuwa ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. Amma a 2019 wasu masu bincike a Basel ta Suwizalan sun duba dunƙulen Lewy na mutane da madubin elektron, suka tarar da yawansu cike suke da gutsattsarin tantani, da jakunkuna, da fasassun mitokondiriya.

Akwai wani sashe da ba shi da tantani ko kaɗan. Lokacin da ƙira ta tsaya, saƙonnin RNA, wato kwafin umarnin ƙwayoyin gado da ake bi wajen ƙera furotin, waɗanda aka dakatar, suna haɗuwa da wasu furotin su zama ɗige-ɗige masu ruwa-ruwa a cikin sel, in matsi ya wuce su narke cikin mintuna. Abin da ya ja hankali shi ne furotin da yawa da ke da hannu a ALS suna shiga waɗannan ɗigon, ciki har da FUS da TDP-43, wanda aka gano alaƙarsa da ALS a 2006 kuma ake samun dunƙulensa a kusan kashi 97 cikin 100 na masu cutar. A 2015 aka nuna a kwalbar gwaji cewa ɗigon FUS, in ya daɗe, yana daskarewa, mai kuskuren ALS kuma ya fi saurin daskarewa. Ko daga waɗannan ɗigon ne dunƙulen marasa lafiya ke farawa, har yanzu ana ja-in-ja. Abin da ba a ja a kansa shi ne asarar da ke biyo baya. Mazaunin TDP-43 cibiyar sel ne, inda yake tace saƙonnin RNA. In ya maƙale a waje, saƙonni suna fita da kurakurai, ciki har da na statmin-2, furotin ɗin da akzon ke buƙata don gyara kansa. Kuskuren ƙwayar gadon C9orf72 da aka gano a 2011, wanda ya fi kowanne yawa a ALS ta gado tsakanin masu asalin Turai, shi ma an nuna yana dagula shige da fice ta ƙofofin cibiyar.

To wanne ne na farko? An sha yin wannan gardama, kowane ɗakin bincike yana jan ruwa zuwa sashen da ya ƙware a kai. Iyalan da suka gaji cutar sun nuna cewa ƙofar shiga ba ɗaya ba ce: wani ta mitokondiriya, wani ta laisosom, wani ta RNA, wani ta furotin ɗin kansa, kamar masu ciwon Down da ke da kwafi 3 na ƙwayar gadon da ke samar da amiloyid, abin da ke sa Alzheimer ta yawaita a cikinsu. Sassan kuma a manne suke. ER da mitokondiriya suna kusantar juna har tazarar 'yan nanomita, kalsiyam da kitse suna wucewa ta nan. In ER ya zubo kalsiyam da yawa, mitokondiriya ce ke shaƙewa. Bayan shekara 10 ana wannan juyi, wanda ya zo duba gawa zai tarar komai ya lalace, ba zai iya cewa ga mafari ba. Mafi yawan marasa lafiya ma ba su da wani kuskuren gado guda da za a nuna; a ALS kusan kashi 90 cikin 100 ba su da tarihin cutar a dangi. Abin da ya haɗa su shi ne shekaru, waɗanda ke rage ƙarfin dukan sassan nan a lokaci guda.

Wannan ne ya sa tarihin magunguna a fagen yake da ɗaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a 2021, masu Parkinson kuma sun haura miliyan 8.5 a 2019, don haka ba a rasa masu neman magani ba. Tun da an ga oksijin yana ɓarna, sai aka gwada masu kare sel daga ita. Bitamin E bai rage saurin Parkinson ba a babban gwajin da aka wallafa a 1993. Coenzyme Q10 ya faɗi, kiriyatin ya faɗi. Isradifin, maganin hawan jini da aka sa ran zai rage shigar kalsiyam, shi ma bai yi ba. Relyvrio, haɗin sinadarai 2 da aka ce suna sauƙaƙa wa ER da mitokondiriya, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a Satumban 2022 don ALS, sai babban gwaji ya nuna a Maris ɗin 2024 cewa bai yi komai ba, kamfanin ya janye shi daga kasuwa. A farkon 2025 wasu magunguna 2 masu sassauta dokar eIF2-alfa suka gaza a gwajin ALS. Ɓangaren masu kawar da dunƙule ma ba su da abin yin alfahari sosai: maganin Alzheimer mai suna lekanemab yana share amiloyid ƙwarai, amma abin da ya rage na saurin lalacewa kashi 27 ne cikin 100 a wata 18. Ba a raina shi ba, sai dai ya nuna share dunƙule ba ya mayar da sel yadda yake.

Waɗannan faɗuwar ba su rushe hujjojin da ke sama ba, a ganina sun nuna kura-kurai biyu ne da ake ta maimaitawa. Ana haɗa marasa lafiyan da ƙofar shigarsu ta bambanta a gwaji ɗaya, a ba su magani ɗaya. Ana kuma zuwa a makare. Kafin hannu ya fara rawa a Parkinson, kaso mai yawa na ƙwayoyin dofamin ya riga ya tafi. Binciken iyalai masu Alzheimer ta gado da aka wallafa a 2012 ya nuna sauye-sauye suna farawa shekara 20 ko fiye kafin mantuwa ta bayyana. Mai karanta tallar ƙarin abinci da ke alkawarin "gyara mitokondiriya" ya kamata ya tuna da wannan jerin gwaje-gwajen.

Inda aka ɗan samu ci gaba shi ne inda aka taƙaita buri. Kusan kashi 2 cikin 100 na masu ALS suna da kuskure a ƙwayar gadon SOD1, wadda aka gano alaƙarta da cutar a 1993. Maganin tofasen, wanda ake zubawa a ruwan laka, yana rage ƙera wannan furotin ɗin tun daga tushe, kuma an amince da shi a Amurka a 2023. Hujjar da aka dogara da ita ita ce raguwar niyurofilamen, wani furotin da ke tsiyayowa cikin jini idan akzon yana lalacewa. Shi wannan ma'aunin yana hawa watanni kafin rauni ya bayyana a jiki. Saboda haka a gwajin ATLAS da aka fara a 2021, ana bibiyar mutanen da ke ɗauke da kuskuren SOD1 amma ba su da wata alama, ana auna jininsu a kai a kai, da zarar niyurofilamen ya hau sai a shigar da su matakin ba da magani, tun suna tafiya da ƙafafunsu.